Mutanen Olmek: me suka bar wa Maya da Aztek, kuma da gaske ne daga Afirka suka je?

Sani Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Damagaram, kuma taimako nake nema. Kwanan nan wani bidiyo yana yawo a WhatsApp har ya shigo salular ɗalibaina. Ana nuna wani ƙaton kai na dutse wanda ya fi mutum tsawo, da faffaɗan hanci da leɓɓa masu kauri, da wani abu kamar kwalkwali a ka. Mai maganar yana cewa wannan sarkin baƙar fata ne, wai mutanensa Olmek daga Afirka suka ƙetare teku zuwa Meksiko, su suka koya wa mutanen can gini da rubutu da lissafin taurari, Turawa ne suka danne labarin.

Yaran sun ɗauki abin da zafi. Wata ƴar aji uku ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mushe, in gaskiya ne, me ya sa ba ya cikin littafinmu?" Littafin da nake aiki da shi kuwa, daga Maya da Aztek da Inka a taƙaice sai zuwan Kolumbus.

Tambayata biyu ce. Su wane ne Olmek, kuma me za a iya nunawa da yatsa a ce ga abin da Maya ko Aztek suka gada daga gare su? Sannan maganar Afirka, tana da tushe? Ba na son in gaya wa ƴaƴan mutane abin da zai faranta musu rai yau, gobe su shiga jami'a su tarar ba haka ba ne.

Malam Issufu Birni ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Sani, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka amsa wa yaran. Aikin nan naka na yi har na ajiye alli, kuma tarihin Meksiko ta dā yana cikin abin da na fi ba lokacina tun daga nan. Zan fara da tambayarka ta farko don ita ce mai tsoka.

Mazaunin Olmek yana kudancin gaɓar tekun Meksiko, inda jihohin Veracruz da Tabasco suke yau. Ƙasa ce ta fadama da koguna da ruwan sama mai yawa. Kogi ya yi ambaliya ya janye ya bar laka, a shuka masara, a kama kifi. Babban garinsu na farko shi ne San Lorenzo, wanda ya yi tashe daga wajen 1200 zuwa 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da ya faɗi, La Venta ta karɓa har zuwa wajen 400. Tres Zapotes ta daɗe bayansu. Ka riƙe waɗannan shekaru, domin biranen Maya irin su Tikal da Palenque ba su kai ganiyarsu ba sai bayan 250 Miladiyya, Aztek kuwa sai a 1325 suka kafa birninsu na Tenochtitlan.

Kawunan da ka gani, 17 aka samu zuwa yanzu: 10 a San Lorenzo, 4 a La Venta, 2 a Tres Zapotes, 1 a La Cobata. Ƙaraminsu ya kusa mita ɗaya da rabi, babban ya kai mita 3.4. Baƙin dutsen da aka sassaƙa su da shi daga tsaunukan Tuxtla aka ɗauko shi, kimanin kilomita 60 daga San Lorenzo, a ƙasar da ba jaki ba raƙumi ba amalanke, ba kuma ƙarfe. Da dutse suka sare dutse. Kowane kai da fuskarsa, kowane kwalkwali da alamarsa, shi ya sa masana suka fi karkata ga cewa sarakuna ne. Har akwai biyu a San Lorenzo da aka gane cewa dā karagar mulki ce aka sake sassaƙa ta ta koma kai, alamar tsohon aikin tana nan a jikinsu.

Amma ɗana, kawunan ba su ne gadon ba. Maya ba su ci gaba da sassaƙa irinsu ba. Abin da ya yi tafiya mai nisa shi ne yadda Olmek suka ɗauki sarauta: sarki shi ne mai tsayawa tsakanin jama'a da ruwan sama da masara. Imaninsu ne, tarihi muke faɗa, amma in ba ka fahimci wannan ba, sauran duk za su zame maka tarkacen duwatsu.

Ka nemi hoton wata karagar dutse ta La Venta da ake kira Altar 4. Mutum ne zaune ya tanƙwashe ƙafa a bakin wani kogo, rabin jikinsa a waje kamar yanzu ya fito, saman kogon kuma an yi shi kamar bakin dabba da ido da haƙora. A hannunsa akwai igiya, ta bi gindin dutsen ta zagaya gefe ta kai ga wani mutum na biyu. Kogo a wurinsu shi ne cikin ƙasa, inda ruwa da iri da kakanni suke. Sarkin yana nuna cewa shi yake shiga can ya fito. To, sai ka haura ɗaruruwan kilomita zuwa tsaunukan tsakiyar Meksiko, wani wuri mai suna Chalcatzingo a jihar Morelos. A jikin dutse an zana mutum zaune cikin kogo mai kama da buɗaɗɗen baki, wani abu kamar hazo yana murɗowa daga ciki, gizagizai uku a sama, ɗigon ruwa yana sauka, tsirrai suna fitowa a gefen kogon. Mutanen Chalcatzingo ba ƴan fadama ba ne, damina suke jira kamar kowane manomin tudu, kuma sun karɓi wannan zane don ya faɗi abin da ke ransu.

Wani mai zane ɗan Meksiko, Miguel Covarrubias, ya jera fuskokin abin bautar ruwan sama na al'ummomin yankin, ya nuna yadda suka samo kama daga fuskar nan ta Olmek mai haɗa ɗan Adam da damisa, mai turɓunannen baki. Maya suna kiran nasu Chaac, Zapotek, mutanen yankin Oaxaca, suna cewa Cocijo, Aztek suna cewa Tlaloc. Masana na yanzu sun yi masa gyare-gyare, amma ba su zubar da maganar ba.

Ta masara ta fi fitowa fili. Olmek suna sassaƙa koren dutse mai daraja, wanda ake kira jed, su yi shi kamar ruwan gatari, su goge shi har ya yi sheƙi. A kan wasu suna zana kai mai tsaga a tsakiya, zangarniyar masara tana fitowa daga tsagar. Kore launin shuka ne, gatarin kuma kamar ƙwayar iri, shi ya sa suke binne su a jere a tsakiyar fili. An samu irin wannan binnewa a La Venta, an same ta a Ceibal cikin ƙasar Maya a Gwatemala. A San Bartolo, can ma Gwatemala, akwai zanen bango na wajen shekara 100 kafin Miladiyya, abin bautar masara na Maya yana tsaye da baki da leɓe irin na Olmek sak. Ka zo har 683 Miladiyya, lokacin da Pakal sarkin Palenque ya mutu: an rufe masa fuska da jed, kuma a kan murfin kabarinsa an zana shi cikin shigar abin bautar masara. Tsakaninsa da faɗuwar La Venta fiye da shekara dubu ne.

Macijin nan mai gashin tsuntsu, wanda Aztek ke kira Quetzalcoatl, Maya na Yucatan ke kira Kukulkan, ɗaya daga cikin tsofaffin hotunansa yana kan wani dutse na La Venta.

Ta yaya abin ya yaɗu? Ta fatauci. Fadama ba ta da duwatsun da sarakunan suke so. Jed daga kwarin kogin Motagua na Gwatemala yake zuwa. Baƙin dutsen aman wuta mai kaifi kamar gilashi, wanda shi ne wuƙarsu, daga tsaunuka. Tama da suke gogewa ta zama madubin ratayawa a ƙirji, wata daga Oaxaca. Duk hanyar da kaya suka bi suka sauko, zane da aƙida sun bi ta sun hau.

Ga abin da na fi so ka gaya wa yara. Da aka fara tonon babban wurin bautar Aztek a tsakiyar birnin Meksiko daga 1978, an samu wata ƴar fuskar dutse ta Olmek a cikin kayan da Aztek suka binne da hannunsu. Ta girme su da wajen shekara dubu biyu. Sun san tsohuwa ce, sun san tana da daraja, suka sa ta a wuri mafi tsarki a wurinsu. A 1942, a wani taro a Tuxtla Gutiérrez, masanin nan Alfonso Caso ya kira Olmek uwar sauran al'adun yankin, kuma ni har yanzu ina ganin bai yi nisa da gaskiya ba.

Laminu Zango ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Amma Baba ka tsallake tambaya ta biyu, ni kuwa ita ce ta hana ni wucewa. Gani ya kori ji. Duk wanda ya kalli fuskar nan ya san ya taɓa ganin irinta a Kasuwar Dole. Ba mu muka fara faɗa ba. Mutumin da ya fara rubutu a kan kan dutsen da aka fara samu, ɗan Meksiko ne, shi da kansa ya ce fuskar Bahabashe ce. Ivan Van Sertima, malamin jami'a a Amurka, ya yi littafi guda a kan wannan a 1976. Ya kawo maganar sarakunan Kush, wato ƙasar Sudan ta yau, da suka mulki Masar, masu gina dala, ya kawo ta sarkin Mali da ya shiga teku da jiragen ruwa bai dawo ba. Wannan ta biyun ba tatsuniya ba ce, Mansa Musa ne ya faɗa a Alƙahira, masanin tarihin nan al-Umari ya rubuta. Kuma na ji cewa duman da muke fafe ƙwarya da shi ɗan Afirka ne, amma an same shi a Amurka tun kafin Kolumbus. Wa ya kai shi?

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk lokacin da aka ce baƙar fata ya yi wani abin kirki, sai an nemi hujja ninki goma. An yi mana haka a kan Masar, an yi mana a kan tsohon ginin dutse na Zimbabwe, aka ce wai ba baƙar fata ne suka gina shi ba. Yaranmu suna tashi ba su san komai ba sai cewa an kama kakanninsu an sayar. In ga labari ya zo wanda zai ɗaga musu kai, don me za mu zama mu ne na farkon rusa shi?

Malam Issufu Birni ya rubuta:

Laminu, ban tsallake ba, hannu ne ya gaji da latsa waya. Ciwon da kake ji ina jin sa, kuma ka yi gaskiya a kan Zimbabwe. Amma zauna mu bi abin da shekaru.

Sarakunan Kush irin su Piye da Taharka sun riƙe Masar a ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya. Kawunan San Lorenzo an gama sassaƙa su kafin shekara ta 900. Wanda bai zo duniya ba ba ya koya wa wani aiki. Dalar Kush ta dutse ce, siririya mai tsini, kabari ce. Ta La Venta tulin ƙasa ne da yumɓu, ta haura mita 30, a tsakiyar filin taro. Sarkin Mali kuwa, Mansa Musa ya ba da labarinsa a 1324 Miladiyya. Ko da jiragen sun isa, sun tarar La Venta ta yi wajen shekara 1,700 tana kufai.

José Melgar, wanda kake nufi, ya ga kan farko a 1862. Wani mai aikin gona ne ya ci karo da shi, saman kan kaɗai ya fito daga ƙasa, har ya zaci kifaffiyar tukunyar ƙarfe ce. Melgar ya duba hanci da leɓe ya yanke hukunci, ba tono ba awo. Kama da wane ba wane ba ce. Irin wannan fuska tana nan a cikin ƴan asalin Veracruz da Tabasco har yau, kuma sauran sassaƙar Olmek, ƙananan mutum-mutumin jed, da yawansu siraran fuska ne da idanu a karkace. An gwada ƙwayoyin gado na ƙasusuwan mutum biyu daga yankin San Lorenzo, sun fito cikin zuriyar ƴan asalin Amurka.

Baƙo ba ya tafiya bai bar sawu ba. Mutanen arewacin Turai sun sauka a Newfoundland ta Kanada wajen shekara ta 1000 Miladiyya, ba su daɗe ba, amma an tono ƙusoshin ƙarfensu da allurar tagulla da gindin ɗakunansu. An shafe fiye da shekara tamanin ana tono a ƙasar Olmek, ba a samu tsingaron Afirka ko ɗaya ba, ba dutsen wuya, ba ƙarfe. Ka tambayi kanka a matsayinka na Bahaushe: mutanenmu za su yi ƙaura su zauna har su yi sarauta, ba gero ba dawa ba akuya? Kuma da sun je sun dawo, da masara ta zo mana tun lokacin, ba sai bayan 1500 ba. Duma gaskiya ne, asalinsa Afirka. Amma yana Amurka tun wajen shekara dubu goma da suka wuce, kuma binciken ƙwayoyin gadonsa ya nuna ruwan teku ne ya ɗauke shi, don duma yana iya watanni yana yawo a kan ruwa irinsa bai mutu ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. A 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ga kawunan Ife, ya ce Yarabawa ba za su iya wannan ba, sai dai mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ta Atlantis. Mun ji zafin wannan. Mutanen da kakanninsu suka jawo dutsen Tuxtla suna raye, su ma an ci su da yaƙi an ƙwace musu ƙasa. Ba zan iya tsayawa gaban aji in yi musu abin da aka yi mana ba.

Kuma ba mu rasa namu ba. A daidai lokacin da La Venta take tashe, mutanen Nok a tsakiyar Najeriya suna gasa kawunan yumɓu masu hudajjen ido da kitso iri-iri, suna noman gero, daga baya suka narka tama, abin da Olmek ba su taɓa yi ba. A nan Nijar akwai mahayin dokin yumɓu na Bura, wurin da aka gano a 1975, Boubé Gado ya tona. Akwai tsofaffin wuraren aikin ƙarfe na Termit. Malam Sani, ka ba yarinyar nan Nok da Bura, kayan aro ba ya rufe katara.

Hadiza Mirya ta rubuta:

Salamu alaikum. Baba Malam, a kan Afirka ina bayanka ɗari bisa ɗari. Amma ka yi mini izini in ja da kai a kan kalmar uwa. Tarihi nake karantawa a jami'a, kuma wannan gardama ce da masana suka daɗe suna yi, har yau ba ta mutu ba.

Kent Flannery da Joyce Marcus sun yi shekaru suna tono a San José Mogote ta kwarin Oaxaca. Sun nuna cewa mutanen can suna da gine-ginen jama'a da masu faɗa a ji a lokacin San Lorenzo, wasu abubuwan ma sun riga ta. Su suna cewa ba uwa da ƴaƴa ba ne, ƴan uwa ne da suka tashi tare, kowa yana ɗauka daga kowa. A 2005 Jeffrey Blomster da abokan aikinsa suka gwada yumɓun tsingaro 725 daga wurare dabam-dabam. Sakamakon ya nuna tukwanen San Lorenzo masu zane suna fita zuwa wasu yankuna, amma na wasu ba sa shigowa. Masu cewa uwa suka yi murna. A shekarar nan ɗaya bangaren suka fito da nasu gwajin, na duba yashin da ke cikin yumɓu da madubin ƙara girma, suka ce a'a, kaya sun bi ta kowace fuska.

Ɗauki wasan ƙwallo, wanda kullum ake cewa Olmek suka ƙirƙira. Gaskiya ne tsofaffin ƙwallayen roba da aka sani a duniya a El Manatí aka same su, wata maɓuɓɓuga kusa da San Lorenzo, wasu tun wajen 1600 kafin Miladiyya. Laka ce ta adana su, tare da gatura na jed da mutum-mutumin itace. Mutanen yankin suna tatsar ƙaron wata bishiya su haɗa da ruwan wani yaɗo ɗan uwan duman kada, sai robar ta yi tauri ta riƙa tsalle. Da ƙugu ake bugun ƙwallon, ba da hannu ko ƙafa ba, ga nauyi, shi ya sa ake ɗaura ɗamarar kariya. Wasan ya kai ko'ina, an samu filayensa fiye da 1,500, babban yana Chichen Itza, kuma har yanzu ana buga wani nau'insa a jihar Sinaloa. Amma filin wasa mafi tsufa da aka tono ba a ƙasar Olmek yake ba, yana Paso de la Amada a gaɓar Chiapas. Haka koko da ake cakulan da shi: an samu alamarsa a tukwanen San Lorenzo, amma an samu wadda ta girme ta a Chiapas, wadda ta fi duka tsufa kuma a Ekwado take.

Sai sabon abu. Takeshi Inomata ya nuna cewa filin taro na Ceibal an fara shi wajen 1000 kafin Miladiyya, kafin La Venta ta zama babban gari. A 2020 kuma shi da tawagarsa suka sanar da Aguada Fénix a Tabasco, wanda aka gano da na'urar haske daga jirgin sama mai ratsa ganyen daji. Dandamalin ƙasa ne mai tsawon mita 1,400, an gina shi tsakanin 1000 da 800, kuma ba a samu mutum-mutumin sarki a wurin ba. Ke nan akwai mutanen da suka ga San Lorenzo, suka ɗauki tsarin filinta, suka bar mata sarakunanta. Wannan ba halin ɗa ba ne, halin maƙwabci ne mai zaɓen abin da yake so.

Malam Issufu Birni ya rubuta:

Madalla da ke, Hadiza. Haka nake son ɗalibi. Duk abin da kika kawo haka yake, kuma ban ce komai daga San Lorenzo ya fito ba. Masara kanta an mayar da ita abin nomawa a kwarin Balsas dubban shekaru kafin a san da Olmek.

Inda na tsaya shi ne, ƴan uwan ba tsara ba ne. A shekara ta 1000 kafin Miladiyya babu wani gari a yankin da ya kama ƙafar San Lorenzo. Sun gyara tudu guda da ɗaukar ƙasa a ka, sun shimfiɗa magudanar ruwa ta sassaƙaƙƙen dutse mai murfi, sun jawo duwatsu masu nauyin tan da yawa ta cikin fadama. A La Venta an haƙa rami an jera koren dutse kimanin tan 1,000, aka rufe da yumɓu kala-kala, ba don ido ya gani ba. Mai iya tara jama'a su yi wannan, maganarsa tana da nauyi a wurin maƙwabta.

Ki duba fadarmu ta nan Birni. Ciroma, Kaigama, Yarima, Galadima, duk daga Barno suka zo mana, kuma Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa can. Ba Barno ce ta haifi Hausawan wannan ƙasa ba, ta tarar da su da harshensu da gonakinsu da kasuwanninsu. Amma da sarakunanmu suka so nuna cewa su sarakuna ne, kayan sarautar Barno suka ɗauka, don ita ce babba a lokacin. Zuwa zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ja ganuwa ya ƙera igwa, Damagaram ta tsaya da ƙafarta, sunayen sarautar kuwa suna nan. Haka nake kallon sarkin Chalcatzingo da ya sa aka zana masa kogon La Venta. Ki kira shi ɗa ko ƙane, ni dai na san wa ya kalli wa.

Sani Garin Malam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da Malama Hadiza. Yaya Laminu, kai ma na gode, don abin da ka faɗa shi ne abin da ke bakin yaran. Saura abu ɗaya. Bidiyon ya ce Olmek suka ƙirƙiro rubutu da kalanda da sifiri. Wannan fa?

Malam Issufu Birni ya rubuta:

A nan ka taka a hankali, Malam Sani. Akwai wani dutse da aka samu a Cascajal kusa da San Lorenzo, mai alamomi 62, aka sanar da shi a 2006. Masu bincikensa sun ce na wajen 900 kafin Miladiyya ne, wanda zai sa ya zama rubutu mafi tsufa a nahiyar. Sai dai masu ɗibar ƙasa don aikin hanya ne suka tono shi, ba masana ba, don haka akwai masu ja da shekarunsa. Akwai kuma wani hatimin yumɓu daga San Andrés kusa da La Venta, na wajen 650, da tsuntsu da wasu alamomi suna fitowa daga bakinsa kamar magana. Zapotek ma suna da tsohon rubutu nasu. Ka ce wa yara Olmek suna cikin na farko, kada ka ce su kaɗai ne.

Kalanda kuwa duk yankin sun yi tarayya a kanta. Akwai zagaye na kwana 260, wato lamba 13 tana juyawa da sunayen kwanaki 20, akwai na kwana 365, wata 18 masu kwana ashirin-ashirin da ƙarin kwana 5. Biyun suna komawa mafari tare duk shekara 52. Na kwana 260 har yau akwai masu lissafa shi a tsaunukan Gwatemala. Lambobin da ɗigo da sanda ake rubuta su, ɗigo ɗaya, sanda biyar.

Dogon lissafin nan da Maya suka yi suna da shi, mai ƙirga kwanaki daga 3114 kafin Miladiyya, shi ne yake buƙatar gurbin sifiri, kuma tsofaffin misalansa ba a tsakiyar ƙasar Maya suke ba. A 1939 Matthew Stirling ya tono rabin wani dutse a Tres Zapotes da ɗigo da sanduna a jere, lambar sama ta karye ta ɓace. Matarsa Marion ta yi lissafi ta ce lambar da ta ɓace 7 ce, wanda ya ba da shekara ta 32 kafin Miladiyya. Manyan masanan Maya na lokacin, har da Eric Thompson, suka ƙi yarda, don a ganinsu ba wanda ya riga Maya. Bayan wajen shekara talatin wani manomi ya samu ɗaya rabin, ga sanda ɗaya da ɗigo biyu a kai. A Chiapa de Corzo akwai na shekara ta 36, ya girme shi kaɗan. Na Tikal mafi tsufa kuwa na 292 Miladiyya ne.

Amma ka lura, shekara ta 32 ta zo bayan faɗuwar La Venta da fiye da shekara 350. Jikokin Olmek ne suka rubuta wannan a tsohon garin kakanninsu, kuma masana suna ba su suna dabam. Don haka in yaro ya tambaye ka ko Olmek na zamanin kawunan sun san sifiri, ka ce masa shaidar da ke hannu ta jikokinsu ce.